Yadda ake zaɓen sabon bututun iska na mota, a ɗaura shi, a kuma saita shi

Injin fetur yana buƙatar iska kusan kilo 14.7 kafin ya ƙona kilo ɗaya na mai ƙonewa mai kyau. Duk wanda ya cire akwatin iskar da mota ta zo da shi daga kamfani ya sa na kasuwa, abu biyu yake nema: iska ta shiga ba tare da matsi ba, kuma ta shiga da sanyinta. Na biyun ya fi na farkon muhimmanci. Iska mai sanyi ta fi cunkushewa, duk digiri 10 da zafinta ya ragu nauyinta yana ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin ɗari. Iskar da take digiri 50 a ƙarƙashin bonet ta gaza wadda take digiri 20 a waje da kusan kashi 9 cikin ɗari. Shi ya sa za ka ga mota an sa mata filta mai ƙyalli, tana gurnani kamar zaki, amma ƙarfinta ya koma baya, domin filtar tana shaƙar zafin inji.

Ka san wannan tun farko: a motar da ba ta da turbo, ƙarin ƙarfin da za ka samu kaɗan ne, kuma a saman juyin inji yake fitowa. Abin da ya fi canzawa shi ne sauti da yadda totur yake amsawa. Mai turbo ta fi cin moriyar aikin, musamman in an haɗa da gyaran kwamfuta.

Kayan aiki

Sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu. Sifanar soket lamba 8 da lamba 10, su ne suke kwance yawancin kilif da notocin akwatin iska. Makullin Torx, galibi T20, saboda sukurorin sensar iska. Wasu suna da ɗan tsinke a tsakiyar kai, sai makulli mai rami ne zai kama su. Filaya. Kalifa ta auna faɗin bututu, in babu ita rula mai milimita ta wadatar. Feshin wanke sensar MAF, wato sensar da take auna yawan iskar da take shiga inji, wanda aka yi domin ita kaɗai. Tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da igiyoyin roba na ɗaure wayoyi. Sai na'urar karanta kwamfutar mota ta OBD2. Ƙaramar nan ta ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu ta isa wannan aiki, in dai manhajar tana nuna lambobi kai tsaye yayin da inji yake aiki. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da ramin OBD2, na Turai masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Ramin galibi yana ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. Kada ka manta da takarda da biro, don lambobin da za ka rubuta su ne za su gaya maka ko aikin ya yi.

1. Gano yadda motarka take auna iska

Buɗe bonet ka bi bututun da ya taso daga akwatin filta zuwa bakin totur. In ka ga wata 'yar sensa mai soket ɗin wuta a soke a jikin bututun, dab da akwatin, galibi wannan ita ce MAF. A cikinta akwai siririyar waya ko ɗan faifai da ake ɗumamawa da lantarki. Iskar da take wucewa tana sanyaya shi, kwamfuta kuma tana lissafa yawan iskar daga wutar da aka ƙara don riƙe zafin. In babu ita, motarka tana amfani da MAP, wadda take zaune a kan manifol, wato bututun da yake raba iska zuwa silinda, tana auna matsin iska a can.

Bambancin yana da girma. Mota mai MAP ba ta cika damuwa da faɗin bututun da ka sa ba. Mai MAF kuwa tana damuwa ƙwarai, kuma mafi yawan matsalar da ake samu bayan wannan aiki daga nan take tasowa. Sensar ba ta auna dukkan iskar, ɗan abin da ya ratsa ta kanta kawai take ɗanɗanawa, sai kwamfuta ta ninka shi bisa faɗin bututun da kamfani ya sa. Ka ɗauka gidan sensar na asali milimita 70 ne, ka mayar da ita cikin mai milimita 76. A ido bambancin bai kai komai ba, amma filin da iska take bi ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari. Iska za ta riƙa wucewa a hankali ta kan sensar, kwamfuta ta ɗauka kaɗan ce ta shigo, ta rage mai. Inji ya shiga ƙarancin mai ke nan. Don haka auna faɗin cikin gidan sensar da kalifa, ka rubuta.

2. Ɗauki awo kafin ka kwance ko noti ɗaya

Yawancin mutane suna tsallake wannan mataki, daga baya su rasa abin da za su gwada sabon kayan da shi. Ɗumama inji sosai, soka na'urar OBD2, ka rubuta waɗannan:

Gyaran mai na nan take da na dogon lokaci, wato STFT da LTFT. Lambobi ne da suke nuna kashi nawa kwamfuta take ƙara mai ko rage shi don daidaita ƙonewa. Karanta su a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, sannan a juyi 2,500 a minti mota tana tsaye, sannan a kan tafiya mai ɗorewa. Ka haɗa biyun wuri ɗaya. In jimillar ba ta wuce 5 sama ko ƙasa ba, lafiya lau. Har zuwa 10 ana iya zama da shi. In ta haura haka, motar tana da ciwo tun kafin ka taɓa ta, ko iska tana satar hanya ta wani tiyo da ya tsage, ko sensa ta yi datti. Gyara wannan tukuna, in ba haka ba za ka ɗora wa sabon bututu laifin da ba nasa ba.

Zafin iskar shiga, IAT. Rubuta shi a kan tafiya, ka kuma rubuta shi bayan tsayuwar minti biyar inji yana aiki, tare da zafin gari a lokacin.

Abin da MAF take karantawa a silo, giram a daƙiƙa. A inji mai ɗumi da ba a kunna masa na'urar sanyi ba, lambar takan yi kusa da girman injin a lita: mai lita 2 yakan nuna giram 2 zuwa 3.

Sai gwajin ja. A hanya miƙaƙƙiya wadda ba kowa, sa giya ta uku, taka totur har ƙasa daga gudun kilomita 60 zuwa 100, wani na gefe ya riƙe agogo. Yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, ka fitar da matsakaici. In akwai wurin da yake da injin gwajin ƙarfi na daino, ya fi aminci kuma ya fi daidai.

3. Zaɓi irin da ya dace da motar da hanyar da take bi

Mafi sauƙi shi ne filta mai shimfiɗe da take shiga akwatin asali daidai wurin tsohuwar. Ba ta taɓa gidan sensa, ba ta canza inda iska take shigowa. Ga wanda motarsa ta zirga-zirgar yau da kullum ce, wannan nake fara ba wa shawara, domin akwatin motocin zamani da yawa dama daga gaban mota yake janyo iska mai sanyi.

Na biyu gajeren bututu ne mai filta kamar mazurari a kansa, a cikin ɗakin inji. Ɗaura shi minti kaɗan ne, sautinsa yana da daɗi, ruwa ba ya kai masa. Aibinsa zafi. In za ka saye shi, nemi wanda ya zo da garkuwar zafi mai robar da take mannewa da bonet in an rufe, ta yadda filtar za ta kasance a ɗakinta daban. Wanda ba shi da garkuwa, a cunkoson motoci zafin lagireto da na manifol ɗin salansa kawai yake sha.

Na uku dogon bututu ne da yake sauka bayan bamba ko cikin madigadi. Shi ya fi kowa samun iska mai sanyi, shi ya fi kowa haɗari. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In filtar ta nutse a kududdufi inji yana aiki, ruwa zai haye cikin silinda, fistin ya taso ya ci karo da shi, konrod, ƙarfen da yake riƙe da fistin, ya lanƙwashe ko ya karye. Aikin daƙiƙa ɗaya ne, inji ya tafi. Duk motar da take bin hanyar da ruwa yake kwanciya, a bar wannan iri. Akwai bawul ɗin kariya da ake sawa a saman bututun, wanda yake buɗewa ya sha iska ta sama in ƙasa ta toshe, akwai kuma rigar filta mai korar ruwa. Rigar feshin ruwa kawai take tarewa, ba ta hana komai in an nutse.

Na huɗu rufaffen akwati ne mai faɗi da babbar filta a ciki, wanda yake haɗuwa da hanyar iskar asali ta gaban mota. A ganina shi ne ya haɗa alherin sauran: sanyi, kariya daga ruwa, da sauƙin shigar iska.

Ko wanne ka zaɓa, ya zama an ƙera shi domin samfurin motarka da shekararta da girman injinta. Kamfanoni irin su K&N, AEM, Injen da aFe suna jera kayansu bisa mota. Wanda ake cewa yana shiga kowace mota, shi ne wanda gidan sensarsa bai dace da kowace mota ba. Karanta takardarsa ka ga ko an ce yana buƙatar gyaran kwamfuta. Duba kuma ko yana da bakin da za a mayar da tiyon numfashin inji da sauran ƙananan tiyo. Game da abin da aka yi bututun da shi, alminiyam ya fi kyan gani amma yana ɗaukar zafi in mota ta daɗe a tsaye. Roba mai kauri ba ta ɗauka haka.

Wani abu a gefe: wasu wurare suna da doka kan wannan. A jihar Kaliforniya ta Amurka sai kayan yana da lambar amincewa ta hukumar CARB kafin a hau titi da shi. In kuma motar tana cikin garanti, karanta sharuɗɗansa kafin ka canza komai.

4. Filta mai mai ko busasshiya

Mai mai auduga ce da aka matse tsakanin ragar waya, man da aka shafa mata shi yake kama ƙura. Busasshiya zaren roba ne, ba ta buƙatar mai. Duk filtar da ta fi sakin iska, a mafi yawan lokuta ta fi sakin ƙura mai laushi, ƙurar kuwa ita take cin ringi da bangon silinda a hankali. Motar da take bin hanya mai ƙura ta fi dacewa da busasshiya mai kyau tare da rigar waje, ko ma a bar mata ta takarda. Mai MAF ma busasshiya ta fi mata kwanciyar hankali, saboda man da ya yi yawa yakan bi iska ya manne a wayar sensa.

5. Kwance na asali

Bari inji ya huce. Cire kan batir na baƙar waya da sifana lamba 10. In rediyon motar mai neman lambar sirri ne, tabbatar kana da ita. Ɗauki hoton wurin ta kusurwa biyu ko uku kafin ka fara. Danna ɗan harshen soket ɗin sensa ka zare shi, kada ka ja ta waya. Sassauta kilif na bakin totur, zare tiyon numfashi, kwance notocin akwatin, ka ɗaga shi sama. Galibi yana zaune ne a kan robobi, sai ka ɗan girgiza. Da zarar bakin totur ya buɗe, toshe shi da tsumma mai tsabta. Noti ɗaya da ya faɗa ciki ya isa ya sa a sauke kan inji.

Kwance sensar, ka riƙe ta ta jikin robarta. Kada yatsa ko tsumma ya taɓa wayar ciki. Fesa mata feshinta daga ɗan nesa, ka ajiye ta bushe da kanta. Kada ka yi amfani da feshin kafireto ko na birki, suna cin roba suna lalata sensar. In babu feshin da ya dace, gara ka bar ta yadda take. Ajiye akwatin asali da duk notocinsa wuri ɗaya, za ka iya buƙatarsa.

6. Ɗaura sabon

Sa sensar a sabon gidanta tare da zoben robarta. A jikinta akwai kibiya, dole ta nuna wajen inji. Ɗaure sukurorin daidai kima, gidan roba yana saurin tsagewa. Cire tsumman bakin totur. Ana mantawa da shi fiye da yadda kake zato. Jera komai a sake tukuna: robar haɗi, bututu, garkuwa, filta, duk kilif a sassauce. Juya bututun har ya zauna ba tare da ya tokari komai ba, ka bar tazarar aƙalla faɗin yatsa tsakaninsa da fanbel, fanka, tiyon lagireto da wayoyi, domin inji yana motsi a kan kujerunsa in an taka totur. Ɗaure maƙalar da take riƙe bututun da jikin mota, da robar da take shanye girgiza in ya zo da ita. Bututun da aka bari yana reto a kan robar haɗi kaɗai, wata rana zai zame.

Yanzu ɗaure kilif ɗin, daga bakin totur zuwa filta. Kowane kilif ya zauna a bayan ɗan tudun da yake bakin bututu, ba a kansa ba. Mayar da tiyon numfashi da duk wani ƙaramin tiyo. Wanda aka bari a buɗe bayan sensa yana shigar da iskar da kwamfuta ba ta ƙirga ba. In wayar sensa ta yi gajarta, sake mata hanya ta hanyar kwance maƙalanta, kada ka ja ta da ƙarfi. Mayar da soket har ka ji ya ce ƙas, sannan kan batir.

7. Tayarwar farko

Tayar da inji ba tare da taka totur ba, ka bar shi a silo har fanka ta kunna. Silo zai iya hawa da sauka na ɗan lokaci saboda cire batir ya goge abin da kwamfuta ta koya. Wasu motocin suna da tsarin sake koyar da totur a littafinsu. Kasa kunne kusa da kowace mahaɗa ko za ka ji tsiyayar iska. In fitilar cek injin ta kama, karanta lambar. P0113 ko P0102 galibi soket ne bai shiga ba. P0101 sensar tana karanta abin da bai dace da juyin inji ba, duba kibiya da faɗin gida. P0171, da P0174 a inji mai layin silinda biyu, ƙarancin mai ne. P0172 yawan mai ne, sau da yawa sensar ce ta sha man filta ko iska tana juyawa a kanta.

8. Saiti

Yi tafiya iri-iri ta kwana biyu ko uku, cikin gari da babbar hanya, don LTFT ya zauna. Sannan maimaita duk awon mataki na 2 a yanayi mai kama da na farko.

Yadda lambobin suka kauce shi zai nuna maka inda ciwon yake. In gyaran mai ya yi sama sosai a silo amma ya sauko a juyi 2,500, iska ce take satar hanya: koma kan kilif da tiyo. In ya tsaya a sama a ko'ina, misali 15 a silo, 15 a kan tafiya, gidan sensa ne ya fi na asali faɗi. In lambar MAF tana tsalle-tsalle a silo, iska ba ta iso sensar a miƙe ba, wataƙila lanƙwasa ko filtar ta yi mata kusa. Juya filtar kaɗan ko ƙara ɗan miƙaƙƙen bututu a gaban sensar yakan kwantar da ita.

Kada ka ce ai kwamfuta tana gyarawa da kanta, a bar shi haka. Tana gyarawa a tafiya ta hankali, lokacin da take sauraren sensar salansa, wadda take auna iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi. In an taka totur har ƙasa, motoci da yawa suna daina sauraren ta su koma kan abin da MAF ta faɗa. A nan ƙarancin mai yake zama zafi da ƙwanƙwasar inji, a daidai lokacin da fistin ya fi shan wahala. Don haka in jimillar ta wuce 10, ka daina gwajin ja har sai an gyara.

Hanya biyu ce. Ko ka mayar da sensar cikin gida mai faɗin na asali (wasu suna yanko gidan asalin su haɗa shi da sabon bututu da robar haɗi, kuma yana aiki), ko a gyara jadawalin MAF a cikin kwamfuta da kayan aiki irin su HP Tuners, EcuTek, Hondata ko Cobb Accessport, gwargwadon motar. Jadawalin yana cewa in sensa ta ba da wuta kaza, iska giram kaza ce. Mai saiti zai ɗauki bayanan tafiya, ya duba gyaran mai a kowane gurbi, ya ninka lambar gurbin da shi. Gurbin da yake cewa giram 20 alhali gyaran mai yana 12 sama, sai a mayar da shi 22.4. Ana maimaitawa sau biyu ko uku, ana lallashe layin kada ya yi tudu da kwari, har gyaran ya dawo cikin 5. Ɓangaren cikakken totur kuma ba a taɓa shi sai da sensar salansa mai faɗin awo. Abin da ake nema a nan, iska kusan 12.5 zuwa 13 kan mai 1 a injin da ba turbo, kusan 11.5 zuwa 12 a mai turbo, ana kuma lura ko kwamfuta tana ja da lokacin wuta baya saboda ƙwanƙwasa. In ba ka taɓa yin wannan ba, ba wa wanda ya saba da irin kwamfutar motarka.

A lura da tarko ɗaya: kafin a gyara jadawali, kada ka gwada giram ɗin da MAF ta nuna a da da na yanzu ka ce iska ta ƙaru ko ta ragu. Ma'aunin kansa ya canza. Agogon gwajin ja da zafin IAT su ne shaidun da za ka yarda da su. A kan tafiya, IAT ya kamata ya tsaya kusa da zafin gari, tazarar digiri 5 zuwa 10. In ya fi abin da akwatin asali yake bayarwa, toshe gefen garkuwar da robar ƙofa, ko ka janyo tiyo mai faɗi daga bayan bamba ya huro wa filtar. A mota mai turbo, sensar zafin takan kasance bayan intakula, na'urar da take sanyaya iskar da turbo ta matso, don haka lambar tata ba ta filta kaɗai ba ce.

9. Kula da shi bayan haka

Bayan mako guda sake bin kilif ɗin duka, roba takan kwanta in ta sha zafi. Leƙa cikin bututun bayan filta da tocila, ka shafa farin tsumma. In ya fito da ƙura, akwai inda take shiga, ko filtar ba ta zauna ba ko ta huje.

Filta mai mai ana wanke ta in ƙura ta rufe ragar wayar har ba a ganinta. Fesa sabulunta, ka bar shi kamar minti 10 ba tare da ya bushe ba, ka ɗauraye da ruwa marar ƙarfi daga ciki zuwa waje don dattin ya fita ta inda ya shigo. Kada ka hura mata iskar kwamfaresa, tana yaga audugar. Bar ta ta bushe sarai da kanta. Sannan ɗiga mai layi ɗaya a kan tudun kowane ninki, ka jira kamar minti 20 ya bazu, ka taɓa wuraren da suka rage fari kaɗai. In ka ɗora ta a kan takarda ta bar tabon mai, ya yi yawa: bar ta ta tsane kafin ka mayar da ita kan mota.